Ashe filtar lantarkin esi ɗina ta daɗe da ajiye aiki ban sani ba

Ƙarar ce ta fara damuna. Cikin dare in gida yayi tsit sai in riƙa jin wani abu tas! tas! daga lungun da injin esi yake, irin ƙarar da raket ɗin kashe sauro ke yi in sauro ya faɗa masa, tun ana yi jefi jefi har ta koma babu minti biyar ɗin da za'a yi ba'a ji ba. Uwargida tace wayar wuta ce ke shirin kamawa, ni kuma na dage cewa ƙwari ne ke shiga ciki suna mutuwa, kowa da nasa ilimin dai, ashe duk cikinmu babu wanda ya canka daidai.

Esin namu irin na gida gaba ɗaya ne, inji ɗaya da bututu da ke raba iska ɗaki ɗaki, kuma a haka muka tarar da shi da muka tare. A jikin babban bututun da iska ke komawa cikin injin akwai wani akwatin ƙarfe mai ƴar ƙofa da makunni da ƴar fitila, wanda ya miƙa min makullan gidan ya nuna min shi yace wannan filtar lantarki ce, ba'a canza ta kamar ta takarda. Toh ni kunnena ba'a canza ta ya ji, ƙwaƙwalwata kuma ta fassara min shi da ba'a taɓa ta. Shikenan na share ta sama da shekara, kullum in na wuce naga fitilar nan tana ci sai in ce madalla, aiki na tafiya.

Ranar da mai gyara ya zo ya kashe wuta ya buɗe ƙofar ya zaro abun ciki, wallahi kunya ce ta kama ni. Wasu akwatuna ne guda biyu na alminiyo masu falle falle a jere kamar haƙoran matsefi, su masu aikin sel suke ce musu, sun yi baƙi ƙirin da wani irin datti mai danƙo kamar bayan tukunya, rariyar ƙarfen da ke gabansu kuwa ta zama bargo tsabar gashi da zare da ƙura. Ya dube ni yayi dariya yace "Malam ai wannan ta daɗe da yin ritaya, wuta kawai kake biya mata." Nace amma fa iska na fitowa lafiya lau. Yace "Ai nan ne matsalar tata." Daga nan ya haska min kwail ɗin sanyi, wato nannaɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iskar, da tocila, na ga yadda ƙura ta manne a jikinsa, duk abun da ya kamata filtar ta tare can ya tafi ya zauna.

Wannan maganar tasa ita ce ta sa na zauna na karanta littafin na'urar daga farko har ƙarshe, abun da ban taɓa yi wa wani kayan wuta ba a rayuwata, kuma ita ce dalilin rubutun nan.

Filtar takarda ko ta yadi rariya ce kawai, iska ta wuce ƙura ta maƙale, in ta cika sai ta toshe, iska ta ragu, ɗaki ya ƙi sanyi, wani lokacin har ƙanƙara ta kama kwail, dole ka san akwai matsala ko baka so. Ita ta lantarki ba da ƙananan huji take tace iska ba, tsakanin farantan nata akwai fili wanda iska ke wucewa a sake. Kun tuna muna yara in ka goga biro a gashin kai sai ka ga yana ɗaukar gutsattsarin takarda? ko yadda gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yake tara ƙura ko an goge shi jiya? Toh dabarar kenan. Iska na shigowa zata fara cin karo da rariyar ƙarfe da ke tare manyan abubuwa irin su gashi da zaren tufafi, daga nan sai ta ratsa tsakanin wasu wayoyi sirara ƙwarai na ƙarfen tongstin da aka ɗaure a miƙe, akwai wuta mai ƙarfin gaske a jikinsu, a irin na kamfanin Honeywell da suka yaɗu a gidajen Amurka misali wayoyin na ɗauke da sama da bolt 8,000, farantan kuma wajen 4,000. Duk ƙwayar ƙurar da ta gifta kusa da wayar sai ta ɗauki caji, tana isa wajen farantan, waɗanda aka jera ɗaya mai caji ɗaya mara caji ɗaya mai caji ɗaya mara caji, sai wannan ya tunkuɗe ta wancan ya fizge ta ta manne. Da haka take kama abun da ido baya gani, kaurin gashin mutum mikiron 50 zuwa 70 ne (mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ita kuwa in tana da tsabta har ƙwayoyin hayaƙi da basu kai mikiron ɗaya ba tana damƙewa, kuma duk da wannan dubban bolt ɗin wutar da take ci bata wuce ta ƙaramin kwan fitila ba.

Abun ma ba sabo bane, ni da na ɗauka fasahar jiya jiya ce. Wani malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Frederick Cottrell, shi ya fito da ita tun 1907 don tare hayaƙi da tururin asid a masana'antu, sai a shekarun 1930 wani injiniya a kamfanin Westinghouse mai suna Gaylord Penney ya raba aikin gida biyu, wajen bada caji daban wajen tarawa daban, wanda hakan yasa aka iya rage ƙarfin wutar har ta shigo cikin gine ginen da mutane ke zaune. Tsarin nasa ne har yau a cikin akwatin da ke lungun gidana.

Toh yanzu ka duba abun da ke faruwa in ta yi datti. Farantan sun lulluɓe, sabuwar ƙura bata samun ƙarfe tsirara da zata manne wa, wayoyin su ma sun yi riga basa bada caji sosai, amma filin da ke tsakani yana nan, iska na wucewa abunta, ɗaki na sanyi, fitila na ci. Babu abun da zai gaya maka cewa ta daina kamawa. Ta takarda in ta gaji ihu take yi, wannan kuwa shiru zata yi ta ƙyale ka, kura da fatar akuya. Har ma akwai ƙari, ƙurar da ta ɗauki caji bata samu wajen mannewa ba tana fita ta bututu ta je ta manne a bango da labule da silin kusa da bakin da iska ke fitowa, in ka ga wani baƙi baƙi kamar inuwa a wajen to ka zargi filtar. Mu mun gani mun ɗora wa fenti laifi.

Ƙarar tas tas ɗin kuwa tartsatsin wuta ne ke tsallakawa tsakanin faranti da faranti. In sau ɗaya ne can ba'a rasa ba, wani babban abu ne ya faɗa ciki, ba komai. In ta ƙi tsayawa to ɗaya cikin huɗu ne, ko datti ya taru ya haɗa gada tsakanin farantai, ko wani faranti ya lanƙwashe ya matso kusa da ɗan uwansa, ko waya ta tsinke tana lilo, ko kuma an mayar da sel ɗin da danshi. Ni dai cikin shekara biyu, uku daga cikin huɗun nan sun same ni, biyu daga cikinsu kuma da hannuna na jawo.

Wankin kansa ba wani abun wahala bane, haƙuri yake so. Ina fara kashe esin gaba ɗaya, ba wai a rage shi ba, sannan in kashe makunnin filtar, in ɗan dakata kamar minti ɗaya kafin in buɗe ƙofa don cajin da ya rage a farantan ya sauka. Eh an yi ƙofar yadda da ka buɗe wutar zata yanke da kanta, amma ni bana wasa da abun da ke da sifili uku a bayansa, kuma ko shokin ɗin bai yi maka illa ba zai sa ka fizge hannu, gefen farantan nan kuwa kamar reza suke. Safar hannu ta roba mai kauri tana maganin abu biyu, yanka da kuma ruwan zafi. Kafin in zaro komai ina ɗaukar hoto da waya, don a jikin kowane sel akwai kibiya da ke nuna inda iska ta nufa, ɓangaren wayoyi shi ke fuskantar iskar da ke shigowa, in ka juya shi ƙila ma ya shiga daidai ƙofa ta rufe amma aikin banza kayi, ƙura zata wuce farantai kafin ta samu caji.

Rariyar gaba ita ce mai sauƙi, a kaɗe ta ko a zuƙe da injin zuƙar ƙura, a wanke da ruwa da sabulu a jingine. Kar dai a jiƙa ta a ruwa ɗaya da sel ɗin, duk gashin da zaren da ke jikinta zai koma ya shige tsakanin farantai ka shiga sabon aiki. Sel ɗin kuwa baho babba nake samu wanda zai nutse ciki gaba ɗaya, in zuba ruwa mai zafi sosai, wajen digiri 65 zuwa 75, wanda hannu ba zai iya zama ciki ba, in narkar da garin sabulun injin wanke kwanuka tukunna kafin in saka shi. Dalilin wannan sabulun shine yana cin maiƙo kuma baya kumfa, da yawansu ma akwai sodiyam silikat a ciki wanda ke kare alminiyo, saɓanin soda mai ƙarfi ko bilic da zasu cinye maka fuskar ƙarfen. In bar shi minti 15 zuwa 20, in ɗaga in nutsa in ɗaga in nutsa, ruwan ya koma kamar tawada, in zubar in ɗauraye da tiyo a hankali ba da ƙarfi ba, in sake jiƙa shi cikin ruwan zafi zalla, har sai ruwan da ke tsiyaya ya fito garau kuma in na taɓa shi ba santsin sabulu. A karon farko sai da na canza ruwa sau uku, hayaƙin girki da na kyandir da na taba su ne ke yin wannan danƙon, gidan da ake yawan suya kam sai an dage.

Wasu na'urorin littafinsu ya yarda a saka sel ɗin cikin injin wanke kwanuka kai tsaye, in kana da shi ka huta, amma shi kaɗai banda kwanuka, ka kula da tsinkayen cikin injin kar su soki waya, kuma ka kashe ɓangaren busarwa da zafi don duk dattin da ya rage gasa shi zai yi a jikin ƙarfen ya zama ba mai fitar da shi. In alminiyon ya ɗan dushe ko yayi dabbare dabbare bayan wanki ba komai bane, ba ado aka saka shi yi ba.

Wayoyin nan fa su ne zuciyar abun kuma su ne aka fi mantawa da su. Ko bayan wanki in ka duba da kyau a haske zaka ga wani farin abu kamar gemun tsoho ya fito a jikinsu, ruwa da sabulu basa fitar da shi. Na daɗe ina mamakin ko menene, ashe silikon ne da ke tashi daga irin su man feshin gashi da turaren hammata da man goge katako da gam ɗin like tagogi, in tururinsa ya ratsa wutar da ke kewaye da wayar sai ya ƙone ya bar wani abu da asalinsa ɗaya da yashi da gilashi, shi kuma baya barin wuta ta wuce, kaga kenan waya zata iya zama a wanke tas amma bata bada caji yadda ya kamata. Maganinsa a goge kowace waya ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa da ɗan tsumma mai laushi tsakanin yatsu biyu, ko da kilinar bayan fensir. A hankali. Na sake faɗa, a hankali, don anan nayi ɓarnata ta farko, na zo waya ta kusa da ƙarshe na gaji ina sauri tsumman ya sarƙe na ja, sai ji nayi tsin! ta tsinke ta nannaɗe. Na kira mai gyaran a rikice yace "Kwantar da hankalinka Malam, cire guntayen duka kar ka bar ko ɗan ƙanƙani, zata yi aiki a haka kafin sabuwa ta zo." Haka kuwa akayi, sabuwar ta zo da ƴan zobba a kowane baki, da filaya mai dogon baki na maƙala ɗaya a sifirin ɗin sama na ja na maƙala ɗayan a ƙasa, bai kai minti biyar ba. Tunda hannu na wajen sai a duba farantan ta gefe a hasken rana a ga ko tazararsu ɗaya ce, wanda ya karkace a miƙar da shi da yatsa sannu sannu, a kuma goge ƴan ƙarafan saman sel ɗin inda wuta ke shiga da fararen abubuwan da ke riƙe da farantan, don in datti ya kwanta musu nan ma wuta na bi ta zurare.

Ɓarna ta biyu ita ce gaggawa. Ana zafi, yara na ƙorafi, na girgiza sel ɗin na ga kamar ya bushe na mayar na kunna, ai kuwa sai ga tas tas tas ba ƙaƙƙautawa kamar ana wasan wuta, fitilar ma ta ƙi tsayawa. Ruwa na laɓewa a lungunan da ido baya kaiwa. Yanzu da safe nake wankin in jingine su a tsaye su tsane na awanni, in kuma dole sai an kunna esi to ina mayar da su in bar makunnin filtar a kashe fanka ta yi ta hura su awa biyu zuwa uku kafin in ba su wuta. Abun da bana yi shine barin esi na aiki akwatin na wayam, don duk ƙurar gidan kai tsaye kan kwail mai danshi zata sauka, wankin kwail kuwa ba aikin baho da tsumma bane.

Sai maganar wari. Bayan wanki zaka iya jin wani ɗan ƙauri ƙauri kamar na kusa da injin fotokwafi ko iskar bayan tsawa, ozon kenan, duk na'urar da ke aiki da irin wannan wutar tana fitar da shi ko yaya ne, kuma shi ba abun shaƙa bane, yana ƙaiƙayin maƙogwaro yana tayar da asma. Jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa ozon ɗin da na'urar tace iskar cikin gida ke fitarwa kar ya wuce kashi 50 cikin biliyan na iska, hanci kuma yana jinsa tun bai kai nan ba, saboda haka ɗan alamarsa a kusa da injin ba abun tashin hankali bane. Amma in ana jinsa har cikin ɗakuna, ko akwai mai ciwon ƙirji a gidan da yake ƙorafi, a kashe ta a kira mai gyara, wasu suna da wajen rage ƙarfin wutar a ciki, wannan ɓangaren kuwa ni ban taɓa sa hannu ba kuma bana ba kowa shawarar ya buɗe. Kuma kar a ɗora mata abun da ba nata ba, ƙwayoyi take kamawa, wari da gas wucewa suke, shi yasa wasu ke da wani baƙin falle na gawayi a bayan sel ɗin, shi ba'a wanke shi, in ya gaji canzawa ake.

Masu esin bango su ma wasu na zuwa da ƙaramin abu irin wannan a bayan ragar roba, ana ce masa filasma ko ayonaiza. Ragar dai kowa ya san ta, duk sati biyu a cire a wanke da ruwa mai ɗumi a shanya a inuwa don rana da ruwan zafi na lanƙwasa ta, amma shi ƙaramin sai an duba littafi, wani ana cirewa a jiƙa, wani kuwa ko ɗigon ruwa baya so sai busasshen buroshi bayan an zare wuta.

Sau nawa ake wankewa? Littafi zai ce maka daga wata ɗaya zuwa wata uku ko fiye, ya danganta da gida, yawan mutane, kyanwa ko kare, mai shan taba, ko ana barin taga a buɗe, ko fanka na aiki dare da rana, don ita filtar sai iska na tafiya take aiki. Ni abun da nayi shine na riƙa leƙawa duk sati biyu na wata uku har na gane saurin da namu ke yin datti, na tsaya a sati shida, na saka tuni a waya. Kuma gaskiya in mutum ya san halinsa, ya san ba zai tsugunna gaban baho duk bayan sati shida ba, ni a ganina gara ya kashe makunnin ya zare sel ɗin ya saka filtar takarda mai kauri mai ninki ninki, da yawan akwatunan akwai wadda ke shiga daidai, a ma'aunin ƙarfin tacewar filta na MERV da ƙungiyar injiniyoyin esi ta ASHRAE ta fitar a 1999 mai lamba 1 zuwa 16 ya nemi 11 zuwa 13 in fankarsa zata iya ja, ya riƙa canzawa duk wata shida zuwa shekara. Wannan ta fi masa ta lantarkin da ba'a wankewa nesa ba kusa ba. Na faɗa wa wani abokina haka ya ji haushi wai na raina masa na'ura, da muka zaro nasa sel ɗin bai ƙara cewa uffan ba.

Ni dai na riƙe tawa don na saba, wankin yanzu baya cin min awa ɗaya in ka cire jiran bushewa, ruwa ɗaya ya isa, wayoyi biyu na ajiye a durowa ko da tsautsayi. Baƙin inuwar da ke silin ɗin falo ce kawai ta ƙi fita duk gugar da muka yi, uwargida tace sai dai fenti, kuma wai ni zan yi tunda ni na ce ƙwari ne.